Albasar Da Ba Ta Sa Inna Hawaye Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, Uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ki lafiya, ya kai motar da kinka shiga Yamai lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin birni da sharrin bakin mutane, har da irin nawa bakin. Sunan tsohuwata gare ki, harshena bai taɓa iya faɗinshi ba, don haka Uwata za ki ci gaba da zama ko kin zama babbar madam.

To ke mai takardar bak ta gama sakandare, ba ni amsa. Sunan Galmi na wa ne? Ba na allon bakin hanya nike nufi ba. Wanda ake bugawa jikin buhun albasa nike nufi, wanda in mace ta gan shi a kasuwar Abijan ba ta tsayawa matsa albasar, sai ta ce a ɗauka. Na wa ne? Shekara goma sha uku kinka yi kina zuwa lakwal, makarantar boko, ban san ko an koya muku wannan ba. Ni da ban taɓa zama bisa benci ba, sai da na ci kunya sau uku kafin in san amsar.

Ga abin da ya sa nike tambaya. Kawunki Alhaji Ila, wan uwarki, ya ɗauke ki aikin takardu a buronshi, ofishinshi na fataucin albasa da ke Yamai, kuma Allah ya sani na yi murna. Amma shekaranjiya a tasha, ina tsaye bayan wata kamyo, babbar motar kaya, ina duba ɗaurin buhunana, na ji shi yana ce wa direbanshi, "Yanzu kam na samu ƴar Galmi a buro. Ita za ta riƙa cika takardun, ubanta kuma ɗan ƙungiyar manoma ne. Wa zai tsaya tambaya?" Na san abin da yake nufi. Yana sayo albasa can wani wuri mai nisa inda ta fi araha, yana son a rubuta cewa tamu ce, a buga mata shaidar Galmi. Wata rana zai ajiye takardar gabanki ya miƙo miki bik ɗin rubutu, yana murmushi, yana ce miki ɗiyata. Ranar nike tsoro. Na so in fito daga bayan motar in yi mishi abin da na saba yi wa mutane, amma na ciji leɓe na koma gida na nemi takarda. Ba ni da labarin gida da zan ba ki, jiya kinka baro shi. Abin da na ɓata da hannuna zan gaya miki.

Na farko ya faru shekarar da anka haife ki. Ina ɗan shekara ashirin, ba gona a hannuna, sai baki. Ina kamasho a tasha, ina haɗa mai saye da mai sayarwa. Akwai wata mata da ke zuwa daga Abijan kowace shekara tana cika kamyo guda, ta yarda da ni don ina ba ta dariya. Sai wani ya kawo mini albasa daga ƙetare, manya, masu sheƙi, sun sha ruwa sun yi nauyi, ga araha. Na cika cikin buhuna da su. Kin san hular buhu, wadda ake tula albasa a sama a ɗinke da raga. To kowane buhu na yi mishi hula da tamu ta gari, na sa anka rubuta Galmi da jan fenti, motar ta tashi. Na koma gida ina jin babu mai wayona daga Malbaza har Ƙonni.

Ragowar da ta zube na kwasa na kai wa Inna ta miya. Tana zaune gindin itacen bedi tana dunƙula gabu. Ta ɗauki guda, ta juya ta, ta sa wuƙarta ta raba ta biyu. Ta jima tana kallonta.

"Mamman."

"Na'am, Inna."

"Wagga ɗiyar wa ce?"

"Albasa ce, Inna. Albasa ai duk albasa ce."

"Na yanka ta, idona ƙamas. Tun ina budurwa ban taɓa yanka ta garinga ban share ido ba. Ina ka samo ta?"

Na gaya mata, har ina dariya, ina jiran ta yaba mini. Ba ta ɗaga murya ba. Kin san ba ta iya ba, ban san inda na gado nawa bakin ba.

"Sunan wa ka sa anka rubuta ga buhun?"

"Galmi."

"Ba Mamman ba?"

"A'a."

"Da Mamman ka sa. Shi ne naka, in ka so ka ɓata shi. Wancan kuwa da ka ɗauka, da mu duka a ciki."

Motar ta yi kwanaki a hanya, ta shiga ƙasar damshi. Da anka kwance buhunan, hula lafiya lau, ciki baƙin ruwa. Matar ba ta ce Mamman ya cuce ta ba. Ina jin ko sunana ba ta riƙe ba. Abin da ta gaya wa ƴan kasuwarsu shi ne albasar Galmi ta canza. Shekarar da ta biyo baya ba ta zo ba, ƙawayenta ma ba su zo ba. Na ga dattawan da ba su taɓa cutar kowa ba suna zaune bisa buhunansu cikin rana suna tambayar juna mi ya faru. Ni na san mi ya faru. Inna ma ta sani, kuma har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa ba. Da ta zage ni gaban mutane da ya fi mini sauƙi.

Don haka, Uwata, duk takardar da za ki sa wa hannu, ki fara duba sunan wa ke kanta. In sunan mutum ɗaya ne, shi da Allahnshi. In sunan gari ne, ki tuna akwai masu zama bisa buhu cikin rana, waɗanda ba a tambaye su ba.

Na biyu, ke kinka jawo mini shi, ko da yake ba laifinki ba ne. Ke kinka koya mini karatun boko, ko kin manta? Kina aji biyu, kina dawowa da ɗan allonki kina rera baƙaƙe a tsakar gida, ni kuma ina zaune gefe kamar ina gyaran raga, ina satar su ɗaya bayan ɗaya. Ran da kinka kama ni ba ki yi mini dariya ba, sai kinka juyo da allon wajena kinka ci gaba kamar ba ki lura ba. Kina shekara bakwai. Ban taɓa ganin ladabi irin wannan ba, har yau. Daga nan na bi duk abin da ke da rubutu, buhun taki, bayan kamyo, kwalin magani, tsoffin littattafanki. Karatu ya hau mini kai. Wanda ya koyi abu da girma yana ɗauka shi ya fara ganinshi.

Wata rana na karanta a wata ƴar takarda cewa ɗan kasuwa yana iya kai tambarinshi buro a rubuta mishi, daga ranar ba mai ikon sa shi ga kayanshi sai da izininshi. Na ce shi ke nan. Lokacin na fara tura buhunana da kaina. Na ɗinka sabuwar riga na hau mota zuwa Yamai, ban gaya wa kowa abin da ya kai ni ba.

Na iske wata madam mai tabarau, Hausarta irin ta Dogondutsi.

"Malam, mi kake son a rubuta maka?"

"Galmi."

"Galmi mi?"

"Galmi kawai. Ya zama nawa. Duk mai son sa shi ga buhu sai ya biyo ta hannuna."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Kai ka kafa garin?"

"Can anka haife ni."

"Kai kaɗai?"

Nan jinina ya hau. Na ce ku ƴan buro haka kuke, kun ga ɗan ƙauye da takalmin roba, da mai kwat ne ya shigo yana zuba faransanci da tuni kun buga mishi hatimi kuna rakiya. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta wa ɗiyata ba. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Mai kwat ma in ya zo da wannan buƙata, bisa kujerar nan zai zauna, kuma hannu wofi zai tashi. Zauna in nuna maka abu, tunda ka biya kuɗin mota."

Ta ɗauko farar takarda biyu ta ajiye gabana. Abin da ta gaya mini ranar ban manta ba, kuma daga baya na bi shi na karanta na iske ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Ki saurara da kyau, don a nan kawunki yake son ya rikita ki.

Takardar farko ita ce tambarin ɗan kasuwa, wanda ƴan lakwal ke ce wa mark. Aikinshi ya gaya wa mai saye daga hannun wa kaya sunka fito. Na mutum ɗaya ne, ko na kamfani ɗaya. Kai kake ƙirƙiro shi, suna ne ko zane, kuma ba dole ya faɗi komi game da kayan ba, ya dai bambanta da na wasu. In an rubuta maka, ya zama dukiyarka kamar jakinka. Kana iya sayar da shi, kana iya ba da aronshi, ƴaƴanka suna gadonshi, duk shekara goma kana sabunta takardar. In ka tashi daga Galmi ka koma Doso ko Kwatano, ya bi ka. Yau ka sa shi ga albasar nan, gobe ga ta wani gari, ba ka yi ƙarya ba, don bai ce komi ba sai "ni ne na kawo." Amma ba a yarda ka ɗauki sunan garin da kowa ke noma a cikinshi ka kulle, maƙwabtanka su rasa abin da za su kira kayansu. Ba a kuma yarda da tambarin da zai sa mai saye ya ɗauka kaya sun fito daga inda ba su fito ba.

Takarda ta biyu ita ce shaidar wuri. Ita ba ta ce "wa" ba, cewa take "ina," kuma "yaya." Ana ba da ita ga abin da kyaunshi da sunan da ya yi sun fito daga wurin, daga ƙasar da ruwan da iskar da hannun mutanen da sunka daɗe suna yinshi. Ba wani mutum ɗaya da ya mallake ta. Ba a sayar da ita, ba a sa ta aljihu a ƙetare da ita. Ana zana iyaka, manoman su rubuta ƙa'idar aikinsu, duk wanda ya noma cikin iyakar ya bi ƙa'idar yana da haƙƙin sa ta, ba mai hana shi. Wanda ke waje kuwa, ko da irinmu ya saya ya shuka, albasa zai samu, wataƙila ma mai kyau, amma shaidar ba ta bin iri cikin buhu. Madam ta ɗora takardun biyu bisa juna ta ce, "Suna iya zama jikin buhu ɗaya ba faɗa. Ɗaya ta ce Mamman ne, ɗaya ta ce Galmi ce. Ta farko zan iya yi maka. Ta biyu kuwa manomanku ne za su zo tare, kuma na ji suna shiri. Koma ka shiga cikinsu. Yanzu zaɓi abin da ba na kowa ba."

Na zaɓi shamuwa biyu bisa reshe ɗaya, waɗanda kike gani jikin buhunana tun kina ƙarama. Ran da na mutu naki ne ke da ƙannenki, in kun ga dama ku sayar. Galmi kuwa ba zan bar muku ba, don ba a bar mini ba, iske shi na yi kamar yadda na iske kwarin da muke noma cikinshi.

Na fita daga buron ban yi wa matar godiya ba. Ina jin kunya ne, na maida ita fushi. Ban san sunanta ba, amma na sha sa ta cikin addu'a. Ta hana ni abin da nike so, ta ba ni dalili, ba ta wulaƙanta ni ba ko da na wulaƙanta ta. Uwata, yanzu ke ce za ki zauna bayan tebur. Irin wannan madam nike son ki zama. In wani ya shigo da takalmin roba da baki mai zafi, ki tuna ubanki ne, ki bari ya gama, sannan ki ɗauko takarda biyu.

Na uku shi ya fi mini ciwo, don lokacin na riga na san komi, kuma ke ma kin yi wayo, kin ji ana maganar ko da ba a gaya miki ba. Manoma sun haɗu sun samu shaidarsu. Na shiga ƙungiya, na karɓi garkar Inna, lambunta na albasa, ina noma da kaina. Anka rubuta ƙa'ida, irin da za a shuka, yadda za a ba da ruwa, lokacin cira, yadda za a shanya. Ba wani sabon abu a ciki, abin da tsofaffi ke yi ne anka sa a takarda. Anka zaɓi masu zagayawa suna dubawa, babbansu Baba Nomau, tsohon da kike gaidawa bakin masallacin tasha, ɗaya daga cikin waɗanda na bari bisa buhu cikin rana shekarun baya.

Wata shekara na so in fi kowa. Na zuba takin zamani fiye da kima, na bar inji yana ba da ruwa har ana gobe cira, don albasa ta kumbura ta yi nauyi. Ta kuwa kumbura. Mutane suna tsayawa bakin shinge suna kallo. Baba Nomau ya zo da sandarshi, ya durƙusa cikin fangali, ya ciro guda. Bai dubi girmanta ba. Ya sa babban yatsa ya danna wuyanta, ruwa ya fito.

"Mamman, yaushe ka kashe inji?"

"Ya kwana biyu, Baba."

Ya tura yatsa cikin ƙasa ya nuna mini laka. "Wagga ƙasa ba ta san ya kwana biyu ba. Bana ba ka samun shaida."

Na ce mi? A gonar uwata? Ni da cibiyata ke binne garinga? Na jawo mishi karatu, na ce na san doka, na fi shi saninta, doka ta ce duk wanda ya noma cikin iyaka yana da haƙƙi. Rabin da ya yi mini daɗi na faɗa, na haɗiye rabin. Ya ce, "Nan anka haife ka, ita ma nan anka haife ta. Amma ba a yi mata tarbiyyar nan ba. Sa mata tsuntsayenka ka sayar, ba mai hana ka, naka ne. Namu kuwa ba ya hawa kanta."

Abin da ya ƙara tunzura ni, a satin nan ya ba wani mutumin Tajaye shaida, baƙo mai jin Tamajak da ya zo ya ari gona kusa da tawa shekara biyu kacal. Na bi Baba Nomau har tasha, ranar kasuwa, gaban mutane, na ce tsufa ya taɓa mishi ido, na ce yana fifita baƙo bisa ɗan gida, na ce wa ya san abin da anka kai mishi gida. Tsoho sa'an ubana. Ya ce wa mutane a kawo albasata goma, a kawo ta mutumin Tajaye goma. Ya ɗaure kowace da tsumma daban, ya sa cikin rudunshi, rumbun albasar da ke bayan gidanshi, ya ce mu haɗu in ruwan farko ya sauka.

Ruwa ya sauka, munka haɗu. Ta mutumin Tajaye tana nan garau, ɓawonta yana ƙara kamar takarda. Tawa, tun kafin a kwance tsumman wari ya ba da amsa. Baba Nomau bai ce kun gani ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Badi ka kashe inji da wuri, ka bari ganye ya kwanta da kanshi. Hannunka na da kyau, gaggawa ce ke gare ka." Daga baya na ji a shekarar nan ɗanshi na cikinshi ma ya hana shi shaida, sunka yi wata biyu ba sa cin tuwo tare.

Ranar kasuwa na koma inda na zage shi, na tsaya a daidai wurin, na ba shi haƙuri da ƙarfi yadda na zage shi da ƙarfi. Na kuma gaya mishi zancen matar Abijan, gaban kowa. Ya ce, "Ai na sani. Ni na ɗinka maka rabin hulunan, na ji nauyin buhun." Shekara da shekaru ya sani, yana amsa gaisuwata kullum.

Ina ƙaunar mutanen nan, Uwata. Ba su iya faransanci ba, amma kakanninsu ne sunka riƙa zaɓen albasa ɗaya bayan ɗaya, wagga ta iri, wagga ta miya, shekara bayan shekara, har sunan ɗan garinmu ya kai bakin teku ba tare da talla ba. Dokar da ta ce wannan suna nasu ne su duka, ba na wanda ya riga kowa zuwa buro ba, ni a ganina doka ce mai hankali. Ta hana ni, ni ɗan gida, ta ba baƙon da ya bi ƙa'ida. Ki riƙe wannan, zama ƴar Galmi ba hatimi ba ne. Kawunki yana ganin haihuwarki a nan ta isa ta wanke buhunshi. Ba ta wanke nawa ba a gonar uwata.

Kada ki ɗauka ina son ki raina shi. Alhaji Ila mutum ne. Da kai ya fara dako, yau motocinshi suna kaiwa teku. Shi ya saya miki littattafai shekarar da ruwa ya ci garkata, shi ya ɗauki uwarki zuwa likita ranar da anka haifi autanmu. Tambarinshi mai hoton fitila, da guminshi ya sa anka san shi, kuma wannan nashi ne halal. Ki tsare mishi shi kamar idonki. Ki tuna mishi lokacin sabunta takarda, in kin ga wani ya kwaikwayi fitilar ki gaya mishi ya kai ƙara, doka na bayanshi. Albasar da yake sayowa can ma ba haram ba ce. Ya sa mata fitilarshi, ya faɗi garin da ta fito. Su ma waɗancan manoma suna da gari, garin yana da suna, wa ya sani ko wata rana su ma a san su da shi in an daina ɓoye su cikin namu.

Takarda ɗaya ce kawai nike roƙon kada ki cika, wadda za ta ce abin da bai tsiro nan ba ya tsiro nan. Ran da ya kawo ta, kada ki yi irin nawa. Kada ki yi mishi wa'azi, kada ki jawo mishi doka gaban ma'aikatanshi. Ki jira ku biyu, ki durƙusa yadda kike yi, ki ce, "Kawu, komi ka sa ni zan yi, wannan ne ban iya ba." Zai yi fushi. Zai tuna miki littattafan. Wataƙila ya kira uwarki, ita kuma ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Wataƙila ya ce ki tattara kayanki. Na san abin da aikin nan yake a wurinki, na ga yadda kinka goge takalminki sau biyu jiya. In ya kai ga haka, ki hau mota ki dawo. Ɗakinki yana nan, ba wanda zai tambaye ki mi ya faru, ni zan tsaya bakin ƙofa in amsa. Amma ina jin ba za ta kai nan ba, don shirun Inna gare ki, kuma na ga abin da shirun nan ke yi wa namiji mai ji da kanshi.

Allah ya tsare mini ke, Uwata. Ya ba ki abokan zama na kirki, ya sa albarka cikin abin da za ki ci, ya kare hannunki daga rubuta abin da zai hana ki kallon mutanen garinku. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran uwarki ko ba ki da abin faɗi. Allah ya jiƙan wadda kike ɗauke da sunanta, ya maido ki gare mu lafiya.

Ni ne ubanki,
Mamman.

Saura kai, Alhaji. Da girmanka, na san ba takardar da ke shiga motarka da ba ka buɗewa, shi ya sa na ba direbanka wagga ban liƙe ta ba. Ba yarinya za ka tambaya ba, ni za ka tambaya, kuma ba cikin buro ba. Ranar kasuwa mai zuwa ina tasha, inda na zagi Baba Nomau na kuma ba shi haƙuri. Shi ma zai zo, da ƴan ƙungiya. Ka zo da buhu ɗaya cikin waɗanda kake son a buga wa shaida, mu zazzage shi har gindi, ba hula kaɗai ba. Wuƙar Inna tana hannuna. Baba Nomau zai yanka. In ta sa shi hawaye, zan durƙusa in ba ka haƙuri gaban kowa, ka san na saba. In kuwa idonshi ya tsaya ƙamas, to kai za ka miƙe, da bakinka, ka gaya wa mutanen da ke zaune bisa buhunansu sunan garin da ta fito.